Kunkuru Ta Rufe Ƙofa

Litinin, bayan la'asar

Wayar tana cikin jakata, a aljihun da nake sa kayan lissafi. Na fara da wannan ne don in ga yadda zai kasance a rubuce. Bai yi kyau ba.

Ba tawa ba ce. Ta ofishin Baba ce, baƙa, da tsaga a kusurwar gilashinta. Ranar Alhamis da Baba ya yanke jiki ya faɗi a matakalar wurin aikinsa, wata nas ta miƙo wa Umma ledar kayansa: takalmi, agogo, tabarau. Umma ta miƙo mini ba tare da ta duba ba. Muna cikin mota za mu koma gida, ledar ta yi motsi a cinyata. Na leƙa. Fuskar wayar ta yi haske, ga rubutu:

"Kunkuru ta rufe ƙofa. Ɓarawo ya koma hannu rabbana. A ci gaba da aiki."

Ni ce Kunkuru. Tun ina ƙarama Baba yake kirana haka, wai da an yi baƙo sai in shige cikin kwansona. Mun baro shi a kwance bai san inda kansa yake ba, ga shi kuma yana magana a cinyata. Na zare wayar na tura cikin jaka. Ba wanda ya gani.

Na san ba shi yake rubutawa yanzu ba. Ni ba yarinya ba ce, ina aji biyar na sakandare. Na'ura ce take turowa. Amma shi ya tsara kalmomin, kuma a gidanmu ba mai cewa "hannu rabbana" sai shi.

Talata, da yamma

Asibitin da Baba yake kwance, nan ne wurin aikinsa. Shi ne mai kula da kwamfutocinsu, shi ya sa kowa ya san shi. Masu shara suna tsayawa a bakin labule su ce, "Ya jikin Injiniya?" Umma ta ce da sauƙi. Kullum da sauƙi.

Idonsa a buɗe yake, yana bin mu da shi. Ba zan rubuta yadda bakinsa ya koma ba.

Ƙanwata Aku ce ta cika ɗakin. Shekararta bakwai, kuma ba abin da yake kwana a cikinta. Ta hau kujera ta kama ƙarfen gado.

"Baba, Yaya ba ta cinye abincinta ba. Baba, Umma ta yi kuka a kicin, ta ce albasa ce, kuma albasar gidan ta ƙare tun jiya."

Umma ta ce, "Ke wai bakinki ba ya gajiya?"

"Ai Baba ya ce aikina ke nan."

Muna fitowa muka haɗu da abokiyar aikin Baba, wata doguwa mai katin ofis a wuya. Anti muke ce mata. Su biyu ne kawai a sashen, yanzu ta zama ita kaɗai. Bayan gaisuwa ta ce da Umma, "Maman yara, wayar ofis ba ta cikin kayan da aka ba ku?"

"Wallahi ban gan ta ba." Umma ta juyo gare ni. "Ke kin gani?"

Na kalli takalmina.

"Wannan ai ko ta gani, sai an yi mata tiyata kafin a ciro maganar," in ji Umma. Suka yi 'yar dariya ta gajiya. Anti ta ce ba komai, wataƙila a matakala ta faɗi a cikin ruɗanin ranar.

Ban yi ƙarya ba. Ban dai ce komai ba.

Laraba, lokacin hutun cin abinci a makaranta

Kowa ya fita. Ina so in rubuta yadda abin yake aiki, don kada in manta yadda ya faɗa.

Hutun bara Baba ya tafi da mu ofishinsa. Ɗakin yana can ƙasa, bayan ɗakin wanki, ba taga. Sanyi kamar cikin firij. Akwatunan ƙarfe a jere, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa, ga wani gurnani da ba ya tsayawa. Ya nuna mana wani akwati mai faɗi kamar tire. Ya ce sunansa fayawol, amma shi Bakin Ƙofa yake ce masa. Duk abin da zai shiga kwamfutocin asibiti daga waje, ko zai tsallaka daga wani sashe zuwa wani, sai ya bi ta nan.

"Amma ƙofa ba ta da wayo," ya ce. "Sai ka sa mata mai gadi, ka ba shi hali. Halin nan shi muke kira furofayil. Ga guda biyu da na fi aiki da su. Wannan, duk abin da bai yarda da shi ba, rufewa yake gam, ba tambaya. Wannan kuwa ba ya hana kowa wucewa, sai dai duk wanda ya wuce ya kawo rahotonsa."

Aku ta ce, "Kamar ni!"

Baba ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya juyo mana da allon kwamfutar. Ashe tuntuni sunayenmu ya sa musu: Kunkuru da Aku.

Anti ta ɗago daga teburinta ta ce, "Injiniya, ranar da masu bincike suka zo suka tarar da kunkuru da aku a cikin na'urar asibiti, kai za ka yi musu bayani."

"Sai in ce gidan namun daji muka buɗe a ƙasa."

Na daɗe ina juya tambayar a bakina kafin ta fito. Na ce, mene ne amfanin mai gadin da ba ya hana kowa?

"A'a, Kunkuru ta leƙo!" ya ce. "To saurara. Sabuwar na'ura baƙuwa ce. In ka kai ta wurin Kunkuru kai tsaye, har gaisuwarta sai ta toshe. Sai a fara sauke ta wurin Aku, a saurari rahoto, a gane wace magana ce tata ta gaskiya, a gaya wa Kunkuru ta ƙyale wannan. Sannan a mayar da ita. Aku masauki ce, ba gida ba."

An buga ƙararrawa.

Alhamis, da safe

Yau Alhamis. Ba na son ranar.

Asabar, da hantsi

Ina yi wa wayar caji a bayan kabad da tsohuwar cajar Umma. Ban san lambar buɗe ta ba, ba na ma buƙata. Saƙon yana fitowa a fuska, ya ɗan tsaya, ya dushe.

Ɗazu Aku ta dame ni da surutu ina wanke safar makaranta. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ƙanƙance ido yadda Baba yake yi, na sauke murya na ce, "Ɓarawo ya koma hannu rabbana. A ci gaba da aiki."

Aku ta faɗi ƙasa don dariya. "Sake, Yaya! Sake!"

Na sake. Sai muka ji wani abu ya faɗi a kicin. Umma ta fito da sauri, hannunta duk kumfa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba mu take kallo ba. Kujerar Baba take kallo, ta bakin taga.

"Wa ya yi magana?"

"Yaya ce take kwaikwayon Baba."

Umma ta daɗe a tsaye. Kumfar tana ɗiga a ƙasa. Ta ce, "Kar ki ƙara," a hankali, ta koma.

Da na shiga kicin daga baya, na tarar da fasasshen kofi a cikin shara. Kofinsa ne. Ban san me ya sa take wanke shi ba, ba wanda ya sha komai da shi.

Lahadi, bayan azahar

Wani sabon saƙo ya fara zuwa:

"Aku ta ga baƙo a ɗakin hoto. Ta ce a gaya maka. Ba ta hana shi ba, ba aikinta ba ne."

Na yi murmushi da na fara gani, don kamar ita sak. Ya sake zuwa. Ya kuma sake.

Watan jiya aka kawo wa asibitin sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin kai. Na tuna Baba yana ba mu labari muna cin abinci. Ya nuna ni da cokali ya ce, "Kin cije musu sabuwar na'ura. Hotuna sun ƙi isa wurin likitoci, ana ta kirana. Na sauke ɗakin hoto wurin Aku zuwa ƙarshen wata, rahoton yana zuwa wayata. In na gama jin gulmarta in mayar." Umma ta ce, "Ka ci abinci ka bar mana tatsuniya."

Wata ya ƙare shekaranjiya. Na rubuta wannan ne kawai saboda gaskiya ne.

Anti ta san aikinta. Tana da babban allo a gabanta. Lalle tana gani.

Litinin, da yamma

In na mayar da wayar, Anti za ta karkatar da saƙonnin zuwa tata. Na taɓa ganin irin waɗanda suke zuwa mata: Turanci da lambobi, ba gaisuwa ba barkwanci. Ba Kunkuru, ba hannu rabbana.

Likitoci ba su ce zai sake magana ba. Ba su kuma ce ba zai sake ba. In aka tambaye su sai su ce a dai ci gaba da addu'a.

To in bai sake ba fa? Wannan ce kaɗai ta rage.

Laraba, bayan mun dawo daga asibiti

Umma ta sauka karɓo magani, ta tafi da Aku. Na ja labule. Na fito da wayar na nuna wa Baba.

Ya gane ta. Na ga idonsa.

Na sunkuya na karanta masa na farko a hankali: "Kunkuru ta rufe ƙofa." Gefen fuskarsa mai motsi ya ɗan saki. Na ji daɗin da ban ji ba tun ranar. Ina riƙe da ita sai ta yi motsi a hannuna, sai na karanta masa wannan ma, na Aku, na ɗakin hoto.

Hannunsa na hagu ya cafke wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Wani sauti ya riƙa fitowa daga maƙogwaronsa, ba kalma ba, yana ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na'urar da ke gefen gado ta fara ƙara. Na tura wayar cikin jaka da ɗaya hannun.

Nas ta bankaɗe labule. "Me kika yi masa?"

Na ja zip ɗin jakar.

"Ke da ke nake! To fita, fita ki ba shi iska."

Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Har na kai ƙofa idonsa yana kan jakata.

Ina ganin murna ya yi.

Alhamis, da safe

Shatin yatsunsa yana nan a hannuna. Na sa riga mai dogon hannu.

Ba murna ba ce.

Juma'a, bayan an tashi daga makaranta

Yau Kunkuru ta rufe ƙofa har na daina ƙirgawa. Jakar tana jingine da ƙafata a aji, tana ta motsi kamar wani abu mai rai. Duk motsin da ta yi sai in ce a raina, ga shi yana yabona. Ta rufe, ta rufe, ta rufe. Ban taɓa jin an ambaci sunana da yawa haka ba.

Muna tsakiyar gwajin lissafi na ce zan ɗauko magogi. Na leƙa. Wannan ban taɓa ganin irinsa ba:

"Aku na kururuwa. Tashi ka duba, malalaci."

Da kansa yake. Haka yake ce wa kansa da safe in ya makara, yana neman takalmi a ƙarƙashin gado. Ya rubuta wa kansa ne tun yana da ƙafar tashi.

Malamar lissafi ta tsaya a kaina. "Lafiya kike kuwa? Takardarki fara fat."

Na ce lafiya.

"Ya jikin mahaifin naki?"

Na ce da sauƙi. Da muryar Umma maganar ta fito.

Asabar, da yamma

Muna asibiti na sauka ƙasa, wajen ofishin Baba. Na ce da Umma zan zaga.

Matakalar tana da tsawo. Ban kalli wurin da aka ce a nan aka sami Baba ba, na bi ta jikin bango. Na wuce ɗakin wanki. Tun daga nesa ake jin gurnanin nan.

Ƙofar tana da ɗan gilashi a sama. Na yi ɗage na leƙa. Anti tana tsaye, waya a kunne, biredi a ɗaya hannun ko gutsura ba ta yi ba. Tana cewa, "Na ji, ranka ya daɗe. Ni kaɗai ce. Zan zo, wallahi zan zo." Kujerar Baba tana nan, rigar sanyinsa a rataye a bayanta, hannayen rigar sun sauko kan tebur kamar mai shirin buga rubutu.

Jakata ta yi motsi.

Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Wata mai wanki ta turo kekenta cike da zannuwa ta ce, "A'a, 'yar Injiniya, wa kike nema a nan?"

Na ce ba kowa. Na hau sama da gudu.

Lahadi, da rana

Tashi ka duba, malalaci. Tashi ka duba, malalaci. Tashi ka duba.

Na sa ta a ƙarƙashin filo, ana ji. Na naɗe ta a cikin tawul, ana ji.

Litinin, da magariba

Likita ya ce suna so su sake ɗaukar hoton kan Baba kafin su canza masa magani, don tun Alhamis jikin ya ɗan ja baya. Ya fi yawan barci yanzu. Aka gangaro da gadonsa har ƙofar ɗakin hoto, mu muna biye.

Mutane cike da benci. Wata tsohuwa a keken guragu ta ce da Umma, "Ku ma hoton ne? Ai sai ku samu wuri. Ni tun jiya suke juya ni kamar waina a tanda."

Mai ɗaukar hoton ya fito yana goge gumi. Ya ce na'urar ta rikice. Ta ɗauka, ta ƙi ajiyewa, allon ya daskare. An kira kamfanin da ya kawo ta, sun ce sai jibi. Ya dafa gadon Baba ya ce, "Injiniya, da kana tsaye da tuni ka yi mata magana ta ji."

Baba yana farke a lokacin. Bai kalli mutumin ba. Ni ya kalla.

Aka mayar da shi sama. A lif Aku ta matso kusa da jakata. Ta ce, "Umma, jakar Yaya tana kuka kamar ƙudan zuma."

Umma ta ce, "Rufe mana baki."

Talata, da yamma

Ban je makaranta ba. Na sa kayan makaranta, na hau motar da take bi ta asibiti. Zan rubuta komai yadda ya faru.

Na ƙwanƙwasa tun kafin zuciyata ta hana ni. Anti ta buɗe, idanunta jajur.

"Kunkuru? Lafiya? Jikin ne?"

 Na buɗe jaka na ɗora wayar a teburinta. Kamar ta sani, ta yi motsi, ta yi haske. Anti ta karanta. Ta san lambar, ta buɗe, ta riƙa ja da yatsa, tana ja, tana ja, saƙonnin ba su ƙare ba.

"Ɗakin hoto yana wurin Aku?" Ba da ni take ba. Ta faɗa kujerarta ta fara buga kwamfuta. "Innalillahi. Na ɗauka ya mayar. Wallahi na ɗauka ya mayar tun kafin ya… Kamfanin suka ce matsalar na'urarsu ce, ni kuma na yarda, ban ko buɗe nan ba."

Na ce, "Amma Kunkuru tana ta rufewa." Ina so ta san akwai abu mai kyau a ciki.

Ta juyo da allon. Layuka ja sun cika shi. "Zo ki ga. Waɗannan da take rufewa, ba daga waje suke zuwa ba. Daga ɗakin hoto suke fitowa. Wata muguwar manhaja ce ta shiga kwamfutar can ta zauna, Aku ta bar ta ta wuce. Yanzu hanya take nema zuwa sauran sassan: ɗakin magani, ɗakin gwaje-gwaje, har sama inda Babanku yake kwance. Ita ce Kunkuru take ta tarewa."

Ashe duk ranar Juma'ar nan da nake jin daɗi ana kiran sunana, abin ne yake ta bugun ƙofofi daga ciki.

Ta yanke ɗakin hoto daga sauran asibitin. Ta kira wani ta ce ya zare kebul ɗin kwamfutar can, kada kowa ya taɓa ta. Ta kira shugabansu. Ni ina tsaye kusa da rigar sanyin Baba, haƙorana suna haɗuwa. Da ta gama, ta ɗauke sunan ɗakin hoto daga ƙarƙashin Aku ta mayar ƙarƙashin Kunkuru. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Ko minti ɗaya.

Sannan ta juyo.

"Tun yaushe take wurinki?"

"Tun ranar."

"Me ya sa?"

Na ɗauka za ta yi faɗa. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Maganarsa ce."

Ta cire katin wuyanta ta ajiye. Ta rufe fuska da hannu biyu, ta daɗe haka. Da ta buɗe ta ce, "Ni ma ban iya ɗauke rigar nan ba."

Wayar ta yi motsi a kan tebur. Muka kalla tare. "Kunkuru ta rufe ƙofa. Ɓarawo ya koma hannu rabbana. A ci gaba da aiki."

Anti ta ce, "Kin san ba za ta koma gida ba."

Na ce na sani.

"Zan mayar da rahoton kan babban allo da wayata da ta shugabanmu. Ba za a sake barin sa a aljihun mutum ɗaya ba, ko da shi ne."

"Kalmomin fa?"

"Sunayen ba zan taɓa ba. Kalmomin kuwa, shugabanmu ba zai gane su ba, dole su koma yadda kowa zai karanta. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta buɗe durowa ta sa wayar ta rufe.

Na hau sama. Baba yana barci, Umma ba ta iso ba tukuna. Na zauna har ya buɗe ido. Ya kalli jakata. Na buɗe ta na nuna masa aljihun, ba komai. Na sunkuya na ce, da muryata, ba tasa ba, "Baba, na kai wa Anti. An mayar. An rufe."

Ya daɗe yana kallona. Hannunsa na hagu, wanda yake dunƙule tun ranar Laraba, ya buɗe a kan zane. Ya koma barci.

Laraba, da safe kafin in fita

Jiya da muka dawo na gaya wa Umma maganar wayar. Tana ninke kaya, ba ta daina ba. Na gama, na jira.

Ta ce, "Na sani."

Na ɗaga kai.

"Bangon ɗakinku ba shi da kauri. Tun makon farko nake jin ta. Ban san abin da take cewa ba, ban iya aikinsa ba. Amma haka take yi a aljihunsa muna cin abinci, ya ciro ya duba ya yi dariya shi kaɗai." Ta shafa rigar da ke cinyarta. "In na ji ta, sai in ce yana ɗakin."

Na ce, "Da kin karɓa."

"Da na karɓa," ta ce.

Ba ta ce laifina ne ba. Ba ta ce nata ne ba. Ta miƙo mini ƙarshen zanen gado, muka ninke tare.

Juma'a, da yamma

An ɗauki hoton jiya, a wani asibiti, da motar ɗaukar marasa lafiya. Na'urar nan sai an wanke kwamfutarta tas tukuna. Tsohuwar nan mai keke ma da ita aka tafi. Anti ta leƙo ta ce abin bai tsallaka ko'ina ba, a ɗakin hoto ya tsaya.

Likita ya kira Umma waje da hoton a hannunsa. Na gan su ta gilashi. Yana nuna wani wuri da bayan biro, Umma tana gyaɗa kai. Ban ji ba. An canza maganin.

Ban tambaya ko kwanakin nan sun canza wani abu ba. Umma ba ta faɗa ba. Ina jin ba za ta taɓa faɗa ba, ko ta sani.

Bai yi magana ba tukuna.

Lahadi, da hantsi

Gidan ya yi tsit. Aku ta ce, "Yaya, yi muryar Baba." Na ce Umma ta hana. Daga kicin Umma ta ce, "Ƙyale ta ta yi." Na buɗe baki. Na kasa tuna daga inda yake fara sauke muryar.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Muna darasin lissafi jakar ta yi motsi a jikin ƙafata. Sau biyu, gajeru, yadda take yi. Na ji shi har gwiwa.

Na zura hannu a aljihun. Rula ce, da magogi, da fensir.

Na bar hannuna a wurin har aka buga ƙararrawa.